Hutu Ba Tsere Ba Ne: Kwana Biyu a Disneyland ta Faris

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da can maganar nan a bakin Malamin Hausa kawai nake jin ta, sai a dogon hutun shekarar 2023 na gane gaskiyarta. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, ya daɗe yana aiki a ƙasar Faransa, kuma shekara da shekaru yana roƙon Baba ya kawo mu mu ga inda yake zaune. Baba ya yi ta tari sannu sannu, Kawu ya cika sauran, har Allah ya nufa muka tafi a farkon watan Agusta: da Baba, da Mama, da ni, da ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya, da Autanmu wanda a lokacin bai daɗe da cika shekara huɗu ba. Cikin makonni biyun da muka yi, Kawu ya ware kwana biyu ya kai mu wani shahararren wurin wasa da ake kira Disneyland. Labarin kwana biyun nan nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin a can na yi wani kuskure da ya kusa mai da farin cikinmu baƙin ciki, a can kuma na koyi yadda ake hutu da yara.

Yadda wurin yake

Kada mai karatu ya ɗauka irin filin lilo ne da ake kafawa da Salla a kwashe bayan mako guda. Wannan gari ne sukutum da aka gina don wasa. Yana gabas da birnin Faris da misalin kilomita 32, a wani yanki da ake kira Marne-la-Vallée, kuma jirgin ƙasa na ɗaukar mutum daga tsakiyar birni ya sauke shi dab da ƙofa cikin kamar minti arba'in. An buɗe shi ran 12 ga Afrilu, 1992, da sunan Euro Disney, aka sake masa suna a 1994.

Abin da ya raba irin wannan wuri da filin lilo shi ne, an kasa shi unguwa unguwa, kowace unguwa da labarin da take bayarwa. Gine-ginenta, da tufafin ma'aikatanta, da kiɗan da ke tashi, har da fitilun titi, duk sun dace da labarin nan. Babban filin da muka shiga unguwa biyar gare shi. Ta farko titi ne irin na ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na ashirin. Ta biyu ta makiyaya da mahaƙa zinariya ce ta yammacin Amurka. Ta uku ta matafiya da 'yan fashin teku, ta huɗu ta tatsuniyoyi, ta biyar kuwa ta masu ƙirƙira da tafiya sararin samaniya. A tsakiya an gina wata doguwar fada mai hasumiyoyi, wadda ake hangowa kusan daga ko'ina. Kawu ya ce da gangan aka yi haka, don wanda ya rikice ya ɗaga kai ya san inda yake. Ban san maganar nan za ta yi mini amfani kafin la'asar ba.

Ranar farko

Tun muna gida na sami taswirar wurin a intanet, na zauna na rubuta abubuwa ashirin da ɗaya da na ce lalle sai mun shiga. Na sa wa kowanne lokaci, sai ka ce jadawalin jarrabawa. Lissafina shi ne, Baba da Kawu sun kashe kuɗi masu nauyi, saboda haka duk abin da muka bari asara ce. Ban kuma ɓoye wa kaina ba cewa ina son in dawo makaranta in cika wa abokaina baki.

Muna shiga ƙofa na wuce gaba da takardata a hannu, ina cewa, "Ku yi sauri, layi zai yi tsawo!" Mama ta tsaya tana duban furanni, na ce a bari sai mun dawo. Auta ya hango wasu dawakin katako suna zagayawa, ya ja rigata ya ce, "Yaya, doki!" Na ce masa, "Wannan na jarirai ne, zo mu je ka ga babban abu." Yaron nan kuwa tun da aka ɗora shi a kafaɗa ya ga hawan Salla ba shi da zance sai na doki.

Muka ratsa zuwa wani jirgi mai hawa da gangara da ake kira Big Thunder Mountain. A bakin layi akwai ma'auni, duk wanda tsawonsa bai kai mita 1 da santimita 2 ba, ba ya shiga. Aka gwada Auta, ya gaza da kamar yatsa biyu. Ya fashe da kuka. Mama ta koma gefe da shi, mu kuma muka shafe wajen awa guda a layi don abin da bai wuce 'yan mintoci ba. Da muka fito ko hutawa ban bari an yi ba, na ja su zuwa wata unguwar. Kafin azahar mun shiga abu biyar, ƙanwata tana ɗingishi don takalmi ya ci mata dunduniya, Mama ta yi shiru, Baba kuma yana ta duban agogo. Ni kaɗai nake murna, don ina soke abubuwa a takarda.

Bayan mun yi salla a wani gefe mai inuwa, iyayenmu suka ce za su ɗan zauna. Baba ya danƙa mini hannun Auta ya ce, "Ga ƙanenka nan, ku zaga lambun can ku dawo. Kada ka sake shi." Lambun kuwa na ɓad da hanya ne, an yi shi da shingen ganye mai tsawo, lungu cikin lungu. Muna ciki na ciro waya don in duba inda layi ya ragu. Na saki hannunsa, a zatona na ɗan lokaci kaɗan. Da na ɗaga kai, babu Auta.

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na bi lungun dama, na bi na hagu, ina kiransa, muryata na ɓacewa cikin kiɗa da hayaniya. Yara ga su nan birjik, amma babu nawa. Na tuna yaron nan ba ya jin Faransanci, ba ya jin Turanci, ko sunan unguwar Kawu bai sani ba. Takardar da na yini ina taƙama da ita ban san inda na yar da ita ba. Da ƙyar na fita daga lambun, na ɗaga kai na ga hasumiyar fada, na gane gefen da iyayenmu suke. Na isa gabansu bakina na rawa na ce, "Baba, Auta ya ɓace." Mama ta miƙe tana salati.

Kawu bai ruɗe ba. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada mu watse mu zama ɓatattu biyar. Ya tari wata ma'aikaciya ya gaya mata kamannin yaron da launin rigarsa, ita kuma ta sanar da 'yan'uwanta. Ba a jima ba wayar Kawu ta yi ƙara. Ashe tun da safe matar Kawu ta rubuta lambarsa a 'yar takarda ta maƙala wa Auta a aljihu, ni ko lura ban yi ba. Wani ma'aikaci ne ya ga yaro shi kaɗai, ya tsuguna kusa da shi, ya ga takardar.

Ko kun san inda aka same shi? Yana riƙe da shingen dawakin katakon nan da ya roƙe ni tun da safe. Ko kuka bai yi ba. Da ya gan mu sai ya nuna da yatsa ya ce, "Mama, ga dokin." Duka abin bai fi minti ashirin ba, amma a wurina kamar shekara. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Baba bai daka mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Ɗauki ƙanenka ka ɗora shi a kan dokin nan, ka tsaya kusa da shi har ya ƙoshi." Sau uku muka bi layi muka hau. Daga nan muka koma gida tun rana ba ta faɗi ba.

Abin da Kawu ya gaya mini

Da dare na kasa cin abinci. Kawu ya kira ni waje ya ce, "Ɗana, ka san yadda aka yi aka fara gina irin wannan wuri?" Na ce a'a. Sai ya ba ni tarihin, wanda daga baya na bincika na tarar haka yake.

Walt Disney Ba'amurke ne mai yin majigin zane, an haife shi a 1901, shi ne kuma ya fito da ɓeran nan Mickey a 1928. Yana da 'ya'ya mata biyu, ran Asabar yakan kai su wani lambu a birnin Los Anjeles su hau dawakin katako masu zagayawa, shi kuwa ya zauna a benci yana cin gyaɗa yana jiransu. A zaman bencin nan ne tunani ya zo masa cewa ya kamata a sami wurin da iyaye da 'ya'yansu za su yi nishaɗi tare, ba yara na wasa manya na hamma ba. Ya zaga ya ga wuraren wasa na ƙasashe, har da lambun Tivoli na ƙasar Danmak wanda aka buɗe tun 1843, ya ga tsabtarsa da tsarinsa. Daga baya ya sayi eka 160 ta gonakin lemo a Anaheim cikin jihar Kalifoniya, aka kashe dala miliyan 17, aka buɗe Disneyland ta farko ran 17 ga Yuli, 1955. Ya rasu a 1966, bai ga sauran ba: ta Fulorida a 1971, ta Tokiyo a 1983, ta Faris a 1992, ta Hong Kong a 2005, da ta Shanghai a 2016.

Kawu ya ce, "Ka gani? Dokin katakon da ka raina, daga gare shi duk abin nan ya samo asali. An gina wurin don a zauna tare, kai kuwa ka zo ka mai da shi filin tsere. Kuɗin da babanka ya tara ba lilo ya saya da su ba, kwana biyu ya saya tare da 'ya'yansa." Maganar nan ta shige ni ƙwarai. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Rana ta biyu

Da gari ya waye Baba ya kafa doka. Kowa ya zaɓi abu biyu kacal, kuma daga ƙarami za a fara. In an gama, sauran lokaci na yawo ne da zama. Aka nuna mana wani benci a gaban fada aka ce duk wanda ya rabu da jama'a nan zai zo ya tsaya. Matar Kawu ta zuba biredi da dafaffen ƙwai da dabino da gorunan ruwa a jaka, ƙanwata ta sa tsohon takalminta.

Auta ya zaɓi dawaki, ba sai an tambaya ba. Yana kai yana kaɗa linzami, Kawu ya gaya mana cewa wasan nan daga mahaya na gaskiya ya samo asali. Sarakunan Turai na da suna shirya wasan dawaki na ado da gwaninta, har akwai wani dandali a tsakiyar Faris da ya sami sunansa daga irin wannan hawa da Sarki Luwi na 14 ya shirya a 1662. Baba ya yi dariya ya ce ashe su ma suna da hawan daba. Zaɓin Auta na biyu wani kwalekwale ne da ke bi da mutane sannu cikin wani babban zaure, inda ɗaruruwan 'yan tsana sanye da tufafin ƙasashe dabam dabam suke rawa suna waƙa. An fara yin irinsa ne don baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964. Da a ranar farko ne da na yi tsaki, amma ran nan fuskar Auta na yi ta kallo, na ga yadda idonsa ke ƙyalli in ya ga raƙumi ko giwa.

Mama ta zaɓi unguwar matafiya, inda aka yi ƙofa da kasuwa irin ta ƙasashen Larabawa, da wani lungu mai nuna labarin Aladdin da fitilarsa. Ta ce tana yarinya ta sha jin ana karanta Dare Dubu da Ɗaya a tsakar gida. Abin mamaki, labarin Aladdin ta hanyar Faransa ya shiga littafin nan: wani Bafaranshe mai fassara, Antoine Galland, shi ya ji shi a 1709 daga bakin wani matafiyi mutumin Halab ta ƙasar Sham, ya haɗa shi da sauran. Ita ma fadar da ke tsakiyar filin ta tatsuniyar wata gimbiya ce da ta yi barcin shekara ɗari, wadda Charles Perrault ya buga a 1697. A ƙarƙashinta akwai kogo mai duhu, da wani dodon inji mai kama da kada, yana motsa kai yana huci. Auta ya ƙanƙame wuyana, na riƙe shi gam.

Baba kuwa jirgin ƙasa mai tururi ya zaɓa, wanda ke zagaye filin duka. Muna zaune yana busa, sai Baba ya shiga ba mu labarin mahaifinsa da ya yi aikin reluwe zamanin jirgin kwal, da yadda yakan dawo gida fuska baƙi ƙirin da tsarabar rake. Shekarata goma sha shida a duniya ban taɓa jin labarin nan ba. A gida Baba kullum yana wurin aiki, mu kuma muna makaranta. Sai da muka zauna babu mai sauri sannan bakinsa ya buɗe.

Da yake ba gudu nake ba, na lura da abubuwan da na wuce jiya ban gani ba. A titin farko, benen sama na kowane gini an yi shi ƙarami bisa na ƙasa, tagoginsa ma ƙanana, don ido ya ɗauka ginin ya fi haka tsawo. Bayan kantuna kuma akwai dogayen rumfuna biyu rufaffu, saboda Faris garin ruwa da sanyi ne, ba kamar Kalifoniya ba. Wato maginan sun yi la'akari da ƙasar da suka zo.

Da tsakar rana muka sami inuwa muka ci abinci, Auta ya yi barci a cinyar Mama fiye da awa guda, ba wanda ya ce a tashi. Da la'asar aka zo kan zaɓina, na ce a koma jirgin nan mai hawa da gangara. A nan muka tarar akwai wani tsari da ban sani ba saboda gaggawa: in iyali suna da yaron da bai isa shiga ba, babba ɗaya ya zauna da shi, in na farko ya fito sai shi ma ya shiga ba tare da ya sake bin dogon layi ba. Na ce Mama ta fara shiga ni in riƙe Auta. Ta fito mayafi a karkace tana dariya har da hawaye, tana cewa ba za ta ƙara ba.

Darasin kimiyya a cikin wasa

Da na hau a karo na biyu na tuna da darasinmu na kimiyya. Jirgin nan ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan shi a hankali zuwa ƙololuwar tudu, kuma gwargwadon hawansa gwargwadon ƙarfin da yake tarawa. Da ya tsallake ƙololuwa sai nauyinsa ya ja shi ƙasa, ƙarfin da ya tara ya koma gudu, gudun kuma ya hau da shi tudu na gaba. Amma gogayyar ƙafafunsa da dogo, da iskar da yake kutsawa, suna rage masa ƙarfi, shi ya sa tudun da ke gaba ba ya kai wanda aka jawo shi tsawo, in ƙarfin ya kusa ƙarewa kuma sai wata sarƙa ta sake ɗaga shi. Ƙafafun nasa sun kama dogo ta sama da ta gefe da ta ƙasa, don kada ya goce a kwana. Ma'aunin tsawon da ya sa Auta kuka ma ba mugunta ba ce: ƙarfen da ke danne cinya an auna shi da girman jiki, ƙaramin yaro na iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Saboda haka iyaye kada su yi gardama da ma'aikaci a kan wannan, ko su sa wa yaro takalmi mai tudu don ya wuce.

A lokacin bazararsu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Muka yi magariba, muka zauna a gaban fada har aka yi wasan wuta da fitilu na rufe fili. Auta yana kafaɗata, barci na fizgarsa, hannunsa riƙe da kunnena. Ran nan abubuwan da muka shiga ba su kai rabin jadawalina ba, amma ita ce ranar da har yanzu ake zancenta a gidanmu.

Shawara

Ba sai an je Faransa ba kafin darasin nan ya yi amfani. Ko gidan namun daji aka kai yara, ko filin wasa na Abuja, ko kallon hawan Salla, hukuncin ɗaya ne. Na farko, a yi tafiya da saurin ƙaramin cikin ayari, ba da saurin babba ba. Na biyu, a zaɓi kaɗan a more shi, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na uku, kafin a shiga taro a nuna wa kowa wurin haɗuwa, a sa wa ƙananan yara takarda mai lambar waya, a kuma koya musu su nemi ma'aikaci mai kayan aiki in sun rabu da nasu. Na huɗu, a tanadi ruwa da abin taɓawa da takalmi mai daɗi, a ware lokacin salla da na barcin yaro. Na biyar, kuma ga 'yan'uwana ɗalibai nake faɗar wannan, in an danƙa maka hannun ƙanenka, amana ce, waya ta jira a aljihu.

Ga iyayenmu kuwa, ina roƙon ku riƙa samun ko yini guda a hutu ku zauna da mu ba tare da sauri ba. Ni dai na manta sunayen yawancin abubuwa ashirin da ɗayan da na rubuta, amma ban manta labarin kakana da rakensa ba, ban kuma manta dariyar Mama ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya saka wa Baba da Kawu da alheri, ya raya mana Auta, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.